Ludayin Zuciya

Buhun wake na kasuwar Bodija ba abin wasa ba ne. Danƙara shi ake yi har ya yi tozo, a ɗinke bakinsa da ƙyar, nauyinsa ya kai kilo ɗari ko ya ɗara. In babbar mota ta iso daga Arewa da sassafe, 'yan dako suka taru za su sauke, ka ɗan tsaya ka kasa kunne. Ba sa kama buhu shiru. Ɗaya ne zai ja murya, sauran su amsa, a kan amsar nan buhu ke tashi sama. Ka hana su wannan 'yar muryar, sai wannan ya ɗaga wancan bai shirya ba, buhu ya karkace, wani ya koma masauki da ciwon baya. Muryar ba ta ƙara wa kowa ƙwanji ba. Tattara ƙarfin mutum huɗu ta yi, ta zuba shi a ƙiftawar ido ɗaya.

Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren abin da ya sa da wuya ka sami mutanen da ke bauta a doron ƙasa ba tare da suna rera wani abu ba. In kuwa ana neman inda za a ji haka da kunne, Ibadan, wato Badun, ta isa. Kasuwar Bodija ba tsohuwa ba ce can, a 1987 aka buɗe ta, zamanin gwamnan soja Tunji Olurin, aka kwaso masu kayan abinci daga Orita Merin inda suka cushe. Unguwar Sabo kuwa, can wajen Mokola, inda Hausawan Badun suka fara kafa gida da masallaci da zuri'a, tun 1916 take. Tsakanin waɗannan wurare biyu kunne ba ya hutawa da muryar ibada. Ladan ne ke buɗe rana. Kafin hantsi mai shayi ya kunna karatun Abdulbasiɗ ko na wani alaramman Kano. Makaho ya ratso layin 'yan albasa yana rera Imfiraji, ɗan jagora na amsa masa. Yaro mai tura baro na da bege a waya. Ranar Lahadi ganguna su tashi daga coci ta ko'ina, a gefe guda matan Yarabawa Musulmi cikin fararen kaya suna asalatu. Da magariba a zawiyoyin Sabo a shimfiɗa farin ƙyalle a zauna wazifa.

Mu fara da jiki, don jiki magayi. Kowa ya san tashin tsika: mai bege ya kai wata gaɓa, ka ji wani sanyi ya bi ka daga ƙeya zuwa gadon baya, gashin hannunka ya miƙe. A Montreal ta ƙasar Kanada, a 2001, masana biyu, Anne Blood da Robert Zatorre, sun kwantar da mutane a na'urar da ke leƙa ƙwaƙwalwa, suka kunna wa kowa abin da shi da bakinsa ya ce yana tayar masa da tsika. Sai ga shi wuraren da suka kama aiki a cikin kai su ne dai waɗanda ke kamawa idan mayunwaci ya sami abinci. Bayan shekara goma, a can ɗin dai, Valorie Salimpoor da abokan aikinta suka ƙaro wani abu: sinadarin jin daɗi da ƙwaƙwalwa ke saki, wanda ake kira dofamin, ba ya jira sai an iso gaɓa mai daɗin. Tun ana hanya yake fara zuba. Wannan ai duk wanda ya taɓa bi ta gaban masu tsiren Sabo da yamma ya san shi. Hayaƙi ya taso da ƙamshin ƙuli da kitse, yawunka ya tsinke tun hannu bai kai aljihu ba. Rabin daɗin tsire a jira yake, lokacin da ake juya shi a bakin wuta, ana barbaɗa yaji, ana yanka albasa a kai, kai kuwa kana tsaye kana haɗiyar yawu. Gwanin murya haka yake yi da kai. Ka san inda baitin zai sauka, shi ma ya san ka sani, sai ya ja, ya ɗan tsaya, ya ƙara ja, sa'an nan ya sauke maka. Wanda bai iya ba, ko ya miƙo maka ɗanye, ko ya bari ya ƙone.

Sai maganar numfashi. Zuciyar ɗan Adam takan ɗan ƙara sauri in ya ja iska, ta ɗan lafa in ya sake ta. Rerawa kuwa sakin iska ce doguwa, a hankali. In mutum hamsin na rera abu ɗaya, wuri ɗaya za su ja, wuri ɗaya za su saki. A 2013 wasu masana a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Björn Vickhoff, suka maƙala wa matasa masu waƙa tare na'urar auna bugun zuciya, suka ga zukatan na hawa tare suna sauka tare. Lugude ke nan. Mata uku a turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, ba mai kallon hannun wata, amma taɓarya ba ta karo da taɓarya, har wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, daka bai tsaya ba. Ba wanda ke ba su umarni, sautin dakan ne ke riƙe da su. A Italiya kuma wani likita, Luciano Bernardi, ya auna masu jan carbin Katolika da harshen Latin da masu maimaita kalmomin yoga, ya tarar numfashin dukansu ya sauko wajen shida a minti ɗaya, ƙasa da rabin yadda aka saba. Kamar jan guga ne. Yaro mai gaggawa ya fizgo, guga ya daki bangon rijiya, ya iso da rabin ruwa. Tsohuwar da ta saba tana ja hannu bayan hannu, ya iso mata a cike, kuma ba ta haki.

Ban kawo waɗannan don su zama hujjar shari'a ba. Na'ura ba ta auna lada, ba ta ganin ikhlasi. Iyakarta ta nuna mana cewa Allah ya gina gidan nan na jiki ya yi masa ƙofa ta wajen kunne, ƙofar da ke buɗewa da wuri ta kuma rufe a makare. Jariri tun yana ciki yake jin muryar uwarsa, in ya fito yana kuka ba hujja take kawo masa ba, rera masa take tana jijjigawa. Tsohon da rikicin tsufa ya kama, sunan jikokinsa ya ɓace masa, ka ja masa farkon baitin Ishiriniya ka ga leɓensa na ƙarasawa.

Malamanmu na dā sun san wannan ƙofa, ta nan suka shigar da ilimi. Zance sakakke gero ne a tafin hannu, kafin ka kai gida rabi ya zube ta tsakanin yatsu. Waƙe kuwa ƙwarya ce mai faifai, kari da amsa-amo sun rufe bakinta, ka kai ta inda za ka kai ba ƙwayar da ta faɗi. Shi ya sa fiƙihun Ibnu Ashir da Ƙurɗabi waƙe ne, nahawun Alfiyya ta Ibnu Malik waƙe ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi sun yi wa'azi a waƙe, Nana Asma'u kuwa, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, waƙoƙi take ɗora wa jajinta su kai wa matan ƙauye, waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba, su koya suna daka suna kaɗi.

A Sabo kuwa murya ta yi aikin da ya wuce na hadda da hawaye. Arzikin unguwar na farko a kan abu biyu ya tsaya: goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kudu. Cinikin shanu kuma bashi ne. Falke ya taho da garke, wasu a ƙafa wasu a jirgin ƙasa, ya sauka wajen maigidansa a Sabo. Maigida ya haɗa shi da dillali, a sayar wa mahautan Yarabawa, kuɗi sai bayan makonni, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya ci amana, wuyan maigida aka kama. Jarin wannan kasuwa amana ce, ran da ta fashe kowa ya naɗe tabarmarsa. Wajen 1950 sai ƙasa ta fara motsi. Siyasar jam'iyyu ta shigo, Turawan da suka keɓe unguwar suka tsaya wa sarkinta sun fara haɗa kaya, unguwa na neman narkewa a cikin gari kamar gishiri a ruwa. A cikin 1951 da 1952 mafi yawan mazan Sabo suka karɓi ɗarikar Tijjaniyya, daidai lokacin da failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ke bazuwa daga Kano, shi da ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a hajjin 1937. A 1952 suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsayar da tasu Juma'ar a cikin unguwa. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna da su a 1962 da 1963, lokacin mutanen unguwar sun ɗan haura dubu huɗu, ya fitar da littafi a kansu a 1969.

Shi Cohen idonsa na kan kasuwa da siyasa, abin da ya gani shi ne ɗarika ta sake ɗaure unguwa bayan tsohuwar igiya ta ruɓe. Su kuwa mutanen, Allah suke nema da son Annabi, kuma ban ga abin da zai sa a ƙaryata su ba. Maganganun biyu na zama a tabarma ɗaya, don ga yadda abin yake. Kullum mutum zai zauna gwiwa da gwiwa da mutanen zawiyarsa, a yi istigfari talatin, Salatil Fatihi hamsin, hailala ɗari, Jauharatul Kamali goma sha biyu, murya ɗaya. Ranar Juma'a bayan la'asar a haɗu a yi ta hailala har rana ta faɗi. Ba ganga ba kalangu, baki ne kawai da ƙirji. Wanda kuke haɗa numfashi da shi kullum, ka san ranar da bai zo ba, ka san ranar da muryarsa ta dusashe don an aiko masa da rasuwa daga gida. Ka cinye masa kuɗin shanu da rana, da wane ido za ka zauna kusa da shi da magariba? Akwai masu taurin zuciyar da za su iya, amma ba su da yawa, kuma zaure ba ya daɗewa bai gane su ba.

Fataken goro sun fi kowa fahimtar wannan. Goro ba ya son iska, ba ya son rana. A huhu ake ɗaure shi cikin ɗanyen ganye, kuma ba a ɗaurewa a manta. Lokaci-lokaci sai an kwance, an tsince wanda sankara ta kama kada ya shafi 'yan'uwansa, an yayyafa ruwa, an sake ganye. Wanda ya yi sakaci zai isa Kano da busassun duwatsu. Zuciyar ɗan ci-rani haka take. Yaro ya baro Illela ko Jibiya ko Maraɗi, kwanansa a rumfa a kan buhu, harshen gari ba nasa ba, abincin gari ba nasa ba, mahaifiyarsa sai a waya. Irin wannan zuciya bushewa take, in ta bushe kuwa komai na iya shiga, daga ƙwaya har mugun aboki. Zaman zikiri ko na Ishiriniya shi ne kwance huhun. Karin da ake rerawa shi ne wanda ya taso yana ji a zauren malaminsu, sai ya ji kamar an ɗauko masa garinsu an ajiye a Badun na rabin sa'a. In ka ga ƙaton da ya yini yana sauke kaya yana share ido da hannun riga, kada ka yi mamaki, ruwa ne aka yayyafa.

To amma ba kowa ya yarda ba, kuma masu ƙi ba jahilai ba ne. Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaid ya tarar an hana sauraron kayan kiɗa da waƙa, an kuma hana karanta Alƙur'ani da karin da ya yi kama da na mawaƙa. Imamu Malik bai so a riƙa karairaya murya a kiran salla ba. Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris, da goyon bayan Malam Abubakar Gumi, bandiri na cikin abubuwan da aka fi suka. A ɗaya gefen ga Ƙadiriyya ta gidan Malam Nasiru Kabara a Kano, da bandirinta da anfasu da maukibin da ake fita kowace shekara, kuma malamanta na da nasu hujjojin, ciki har da 'yan matan da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Yanke hukunci a nan aikin malamai ne.

Abin da kowane mai kunne zai iya lura da shi shi ne gardamar a kan fata da itace take, a kan maƙogwaro kowa ya sallama. Shiga kowane masallacin tafsiri da azumi, na Izala ne ko na ɗarika, ka ga wa aka zaunar kusa da malam: alaramma mai jan baki, kuma ba a taɓa zaɓo mai muryar gwangwani. A goman ƙarshe mutane na tsallake masallatai da dama su je tahajjudi bayan limamin da karatunsa ke sa su kuka. Tun asali ma haka ne. Abdullahi ɗan Zaidu ne ya ga kiran salla a mafarki, amma aka ce ya koya wa Bilalu, don muryarsa ta fi kaiwa nesa. Annabi ya yaba karatun Abu Musal Ash'ari, ya kwatanta muryarsa da abin da aka bai wa Annabi Dawuda. Anjasha kuma a wata tafiya ya yi ta yi wa raƙuma waƙa suna ƙara sauri, har aka ce masa ya sassauta saboda matan da ke kai. Bafulatanin da ya koro shanu a ƙafa daga Arewa har Badun ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan hadisi. Sanda na juya saniya ɗaya, murya ke jan garke.

Wanda ya fi gamsar da ni a wannan magana Imamu Gazali ne, wanda ya rasu a 1111. A cikin Ihya'u ya ware babi guda a kan sauraro, kuma gundarin ra'ayinsa shi ne murya ba ta zuba wa zuciya abin da babu, abin da ke kwance take tayarwa. A wajena ludayi ce. Miya in ta zauna a tukunya, mai ya taso ya rufe mata fuska, kowace tukunya kyau take a ido. Sai an sa ludayi an juya ake sanin gaskiya. Wata nama ne zai taso da busasshen kifi. Wata ƙashi ne tsurarsa. Wata kuwa ƙauri ne zai bugi hancinka. Ludayi bai ƙara wa kowa nama ba, bai kuma ƙona wa kowa miya ba. Mutum biyu za su zauna a majalisi ɗaya su ji bege ɗaya. Wannan ya tashi da kewar Madina, gari na wayewa ya je ya biya bashin da ya daɗe yana ja, ya nemi gafarar iyalinsa. Wancan ya tashi da daɗin kari kawai, kamar wanda ya fito daga gidan biki, ya koma kan mudunsa mai lotsattsen gindi. Amma fa kada wannan ya sa a jefar da ludayi. Tukunyar da ba a juyawa kamawa take yi. Ibadar da aka bari ba abin da ke motsa ta takan koma al'ada, mutum na ruku'u yana lissafin kwandon tumatir. Saboda haka ban bi masu son a bar komai a bushe ba.

Ludayin nan kuma ba a madafar Musulmi kaɗai yake ba. 'Yan bori sun san shi sarai, kowane iska da takensa, mai goge ko garaya ba ya kuskura ya ja na Ɗangaladima a wurin na Sarkin Rafi. Cohen ya tarar da bori a Sabo ma, a hannun mata, maza kuwa suna zawiya. Masu bautar Sango a ƙasar Yarabawa na da gangarsu ta bata. Kiristoci kuma sun sha irin gardamarmu. 'Yan mishan na farko sun zo da waƙoƙin cocin Ingila, suka ture ganga gefe. Yarabanci kuwa, kamar Hausa, harshe ne mai hawa da saukar murya, in ka ɗora kalmominsa a kan karin baƙi sai ma'ana ta karkace, kamar an ɗaura wa jaki sirdin doki. Daga bisani coci-cocin 'yan ƙasa suka taso, irin Kerubim da Serafim da Moses Orimolade ya kafa a 1925, da farkawar 1930 wadda ta girgiza Ilesha ta iso Oke-Bola a nan Badun. Suka shigo da tafi da ƙararrawa da waƙoƙin gida, daga baya har da ganga, mutane suka yi ta kwarara. A Arewa ma, matan zumunta a coci da Hausa suke waƙa, suna buga tulu. Musulmin Kudu ba su rufe ido ba. Ƙungiyar NASFAT da aka kafa a Legas a 1995 safiyar Lahadi take zaman asalatu, daidai lokacin da maƙwabta ke coci. Mai rumfa in ya ga maƙwabcinsa na jan masu saye da fara'a, shi ma sakin fuska yake.

Kari kuma ba ya zama inda aka ajiye shi. Da azumi samarin Yarabawa a Badun da Legas kan zaga unguwa cikin dare suna kiɗa da waƙa don tayar da mutane sahur, abin da suke kira were. Daga nan Sikiru Ayinde Barrister, wanda asalin gidansu Badun ne, ya ɗauka ya gina fuji, kiɗan da yau ake kwana rawa da shi a wajen biki ana liƙi. Tukunyar sahur ta koma gidan rawa. A Kano akasin haka aka yi. Wasu matasa masu bandiri suka ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora yabon Annabi a kai, har wani mai nazari, Brian Larkin, ya yi rubutu a kansu. Niyya mai kyau ce, a janyo samari daga silima zuwa majalisi. Sai dai duk mai sayar da mai a Bodija zai gaya maka, jarkar da ta taɓa ɗaukar kananzir, ko ka wanke ta da omo da ruwan zafi, man gyaɗan da ka zuba sai ya ɗauki wari. Wanda bai san fim ɗin ba lafiya lau yake sha. Wanda ya sani kuwa, baki na yabo ido na ganin rawa. Gara mai bege ya ƙera nasa karin, ko ya koma na gargajiya, tunda Hausa ba ta taɓa talaucin kari ba.

Inda tsoro ke kama ni shi ne inda aka mayar da hawaye ma'auni. Albasa ma na sa kuka. Mai muryar da ya gane yana iya juya taro, wuƙar fawa ce a hannunsa. In jama'a suka fara ihu, kuɗi suka fara sauka a goshi, sai ya ƙara gishiri, gobe ya ƙara, jibi ya wuce gona da iri, ya ɗaga shehinsa ya kai shi inda shehin bai taɓa cewa ya kai ba. An ga irin wannan a Kano, an ga fitinar da ta biyo baya, har manyan malaman ɗarika da kansu suka fito suka barranta. Fiyanon situdiyo ya ƙara dagula lissafi, wani begen sai ka kasa kunne sosai kafin ka raba shi da waƙar soyayya.

Ga kuma lasifika. Bilalu saman gida ya hau da maƙogwaronsa. Yau ƙaramin masallaci mai sahu uku na da ƙaho huɗu a kai, coci na fuskantarsa da nata, kowa ya ƙure. A 2016 gwamnatin Legas ta rufe gomman coci-coci da masallatai saboda ƙara. A wuri irin Sabo ko gefen Bodija, inda Bahaushe da Bayarabe, Musulmi da Kirista, ke raba katanga ɗaya, kuma an ga yadda ƙaramin saɓani ya zama gobara a kasuwar Sasa a 2021, rage ƙara da tsakar dare na cikin haƙƙin maƙwabci. Ban da haka ma, ƙaho na kashe abin da ake nema. In na'ura ta danne muryarka, ba ka jin ta na kusa da kai, lugude ya watse, an koma ɗaya na daka saura na kallo.

Duk da haka, abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙunshin da ake rungumewa ba a kwance ba. Ishiriniya, Alfazazi ne ya yi ta, mutumin Andalus da ya rasu wajen 1230, baiti ashirin-ashirin ga kowane harafi, da Larabci mai zurfin da ko ɗalibin jami'a sai da ƙamus. Burda ta Busiri ce, mutumin Masar. Ga Diwanin Shehu Ibrahim. Mutanenmu da yawa sun haddace su tsaf, suna rerawa da shauƙi, amma ka tsayar da mutum ka ce, "Malam, gafarta, wannan baitin me yake cewa?" sai ya ce, "Ai yabon Manzo ne." Gaskiya ya faɗa, kuma son da ke ransa ba ƙarya ba ne. Sai dai ya zama mai tallan zumar da bai taɓa lasa ba. Aliyu Namangi, makahon Zariya da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, da Hausar da mai tallan goro ke ji ya yi Imfiraji, shi ya sa in aka rera ta a kasuwa kunne da hankali ke ci a kwano ɗaya.

Hanyar gyara kuwa tana hannunmu tun dā. A watan Maulidi, a Kano da Zariya da sauran garuruwa, mai ja yakan rera baitin Ishiriniya, malam ya fassara, a sake rerawa, a haka har a kai ƙarshe. Ba abin da zai hana zawiyoyin Sabo da ƙananan masallatan layukan Bodija su riƙe wannan duk shekara, ba sai Rabi'ul Awwal ba. Baiti biyu bayan isha'i sun isa, a rera, a warware da Hausa, in akwai Bayarabe a sahu a juya masa da harshensa, tunda yaran Sabo da yawa da harshe biyu suka tashi. In aka naɗi zaman, a kai wa masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa, su haɗa shi da sauran su tura a kuɗi ɗaya.